Wuyan Gaiwa

Ubale ya kwanta rub da ciki a kan busasshen taɓo, ya manna kunnensa da ƙasa, yana kaɗa yatsunsa a hankali kamar yayyafin farkon damina. Haka ake neman gaiwa da rani. Idan ruwa ya janye, ita ba ta binsa, sai ta nutse cikin laka ta naɗe, ta yi ta barci har ya dawo. In ta ji kiɗan yatsun nan sai ta zaci sama ce ta zubo, ta yi nishi daga can ƙasa. Nishin shi ke tona mata asiri.

A bana ruwan Tiga ya ja baya sosai, har kufan garinsu Ubale ya fito fili, garin da dam ya cinye tun yana saurayi. Inda yake kwancen nan, a da turken shanun mahaifinsa ne.

Nishin ya zo. Ya miƙe ya ɗauki dagi, ya sare ƙasar ta zagaye, ya ɗago hoge guda, gaiwar na ciki. Ya kai wa matar da ke jiransa a inuwar kwalekwale.

Malama Salamatu sunanta, 'yar Badafi ce, amma a jami'a take aiki. Tun da rani ya kama take bin masunta daga Bagauda zuwa nan, tana gutsirar ɗan nama daga kowane irin kifi da almakashi, ta jefa a kwalba, ta nutsa cikin ƙanƙara.

"Malama, ni fa har yau ban gane ba," in ji Ubale. "Abin da ko kyanwa ba zai ƙosar ba, me za ki yi da shi?"

"Zumunci nake bi, Baba Ubale. Kowace halitta tana da wani rubutu a cikin tsokarta, wanda ta gada daga iyaye, su ma suka gada daga nasu. Muna karanta shi. Waɗanda rubutunsu ya fi kama, to su suka fi kusa a dangi."

Ta zaro wata baƙar leda mai ƙarfi ta ɗaga wa rana. Zane-zane ne jere a jiki, kamar tsani-tsani an jingina da juna. Ta bi su da farce. Ga karfasa, ga tarwaɗa, ga saniya, ga gaiwa.

"Duba nan. Gaiwa ta fi kusa da saniya da tunkiya, a kan kusancinta da karfasa. Ai huhu gare ta. Ka danne ta a ruwa, mutuwa za ta yi."

Ubale ya daɗe yana kallon ledar. Shi bai ga saniya ba, bai ga gaiwa ba. Amma huhun ya san shi, ya sha zare shi da hannunsa ya jefa wa karnuka.

"To idan 'yar'uwar saniya ce," ya ce a hankali, "ashe mushe muke ci ke nan. Ba wanda ke yanka ta. Kulki muke sa mata a ka."

Salamatu ta fara dariya, ta dubi fuskarsa, ta haɗiye sauran.

"Baba, ni dangi na ce. Maganar halal ba fagena ba ne."

Da rani gaiwa ce abincin gidan Ubale, ita ce kuma cinikinsa a kasuwar Tudun Wada. Hogunan da ya tono suna nan jibge a zaure, kowace tana barcinta a ciki, sai ranar da aka buƙace ta a fasa. Ya shiga gida ya tarar matarsa Kyauta ta ɗora tukunya, ta jajjaga attaruhu, tana jiran a fasa guda.

"Sauke," ya ce.

"In sauke me, Malam?"

Ya gaya mata. Ta saurara har ƙarshe, muciya a hannu.

"Wato wata ta zo da leda ta ce kifinka saniya ne. Madalla. Gobe sai ka tatso mana nono, mu huta da saye."

"Ba da wasa nake ba, Kyauta."

"Ni ma cikin yaran nan ba da wasa yake ba."

Ran nan tuwo da miyar kuka lami aka ci. Washegari ma haka.

Bayan azahar ya tare limamin unguwa, Malam Ladan, a ƙofar masallaci, ya durƙusa ya gaishe shi, ya kawo damuwarsa.

"Abu mai sauƙi," in ji Liman. "Duk abin da aka kama a ruwa halal ne, ba sai an yanka ba."

"Allah gafarta Malam, ba a ruwa na kama ta ba. A tudu na tono ta, da dagi, kamar rogo."

Liman ya shafa gemu, ya dubi sama, ya ce zai duba littafi, a ba shi lokaci. Ubale ya san irin wannan lokacin, ba ya ƙarewa.

Ya gangara bakin ruwa, ya tura kwalekwale zuwa inda sauran garin ke nutse, ya ajiye filafili. Rana ta kwanta a kan ruwan, ba iska. Gyangyaɗi ya fara ɗaukarsa. Sai ya ga ƙasan tafkin ya yi haske kamar hantsi. Ga shanun mahaifinsa suna dawowa daga kiwo a ƙarƙashin ruwa, suna tafe a hankali, ciyawar ruwa na lilo a ƙahoninsu. Ga tumaki a bayansu, ga jakin maƙwabcinsu. A tsakiyar garken kuwa gaiwa ce ke jan jiki da siraran hannuwan nan nata masu kama da igiya, ba mai korarta, ba mai tunkuyinta. Mahaifinsa na tsaye bakin turke yana kiran kowace saniya da sunan uwarta. Da ya zo kan gaiwar sai ya tsaya, ya ɗago kai ya dubi Ubale ta cikin ruwan, kamar mai cewa, wannan fa, 'yar wace ce?

Kwalekwalen ya bugi kututture, ya farka.

La'asar sakaliya ya shiga gida. Ya ɗauki hoge guda a zaure, ya fasa a tsakar gida, ya wanke gaiwar tas. Ya wasa wuƙar layya. Sannan ya kwantar da ita, ya juya kanta alƙibla, ya tsuguna. Kyauta ta fito ƙofar madafa ta tsaya, wannan karon ba ta yi masa ba'a ba.

Ya bi bayan kan da babban yatsa, ya sauko, ya koma. Jikin sumul yake tun daga kai har wutsiya, ba gaɓa, ba maƙogwaro. Gaiwar ta buɗe baki ta ja iska, ya ji numfashin a tafin hannunsa.

"Ka sami wuyan?" Kyauta ta tambaya.

"A'a. Amma na sami inda ya kamata a ce yake."

Ya yi bisimilla. Kyauta kuma ta juya ta iza wuta.