Ranar da Cikin Salome Ya Sauka

A shekarar 1989 Salome tana cikin mata shida da ke girki a wata makarantar kwana ta 'yan mata a Kontagora. 'Yar Dukku ce ta ƙasar Rijau, aure ya kawo ta gari. Mijinta Irmiya direban tifa ne, ya rasu a hatsari a hanyar Tegina, ya bar ta da 'ya ɗaya, Rebeka, mai shekara tara, 'yar aji uku a firamare. Ɗaki ɗaya suke haya a gidan Hajja Nagoggo, wata dattijuwa da ta yi shekara talatin tana aikin nas da ungozoma kafin ta yi ritaya.

Wata goma sha huɗu bayan rasuwar Irmiya, damina na sauka, taifot ya kwantar da Salome. Ta sha kafson da aka rubuta mata har ya ƙare, ciwon bai sake ta ba. Mai kemis ya ba ta wani mai ja da rawaya, bayan shi ya ƙara wani. Ta kusa wata biyu tana haɗiyar kafso. Zazzaɓin dai ya tafi, ya bar ta a rame, wuya duk ƙashi. Tana murna ta miƙe, sai ciki ya tayar da nasa rikicin. Da safe yana shafe lafiya lau. Da zarar ta ci abincin rana, musamman ranar wake, kuma a makarantar kwana ranar wake ta fi ranar da ba wake yawa, sai ya fara ƙugi yana hawa. Kafin la'asar ya yi tam, zani ya ƙi ɗauruwa inda ya saba. Ga gyatsa, ga tashin zuciya, ga miyau da ke taruwa a baki sai ta tofar.

Abin da ya ja mata shi ne, zumuntar mata ta cocinsu ranar Alhamis take taruwa da ƙarfe huɗu, daidai lokacin da cikin ya gama hawa. Ita ce kuma mai kaɗa tulu in ana waƙa, a gaba take zama, kowa na kallonta.

Alhamis ta uku da komawarta zumunta, bayan an tashi, uwar zumunta Mama Christiana ta ja hannunta zuwa bayan coci, gindin wata darbejiya.

"Salome, ni uwa ce a gare ki. Ki faɗa mini tun ba a ji a waje ba. Wata nawa?"

"Wata nawa me, Mama?"

Christiana ta sauke ido a kan cikin, ta ɗago. Salome ta fara da dariya, don ta ɗauka wasa ne. Da ta ga fuskar matar ba wasa, sai ta daina.

"Kumburin ciki ne fa. Tun da na tashi daga ciwo nake fama da shi."

"Kumburi da zubar da miyau? Na haifi bakwai, 'yar nan. Ki yi tunani dai."

Salome ba ta san yadda ta kai gida ba. Ta tarar da Hajja a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta zube kusa da ita ta kwashe labarin duka ta faɗa mata. Hajja ta ture farantin gefe, ta shimfiɗa tabarma a ɗaki ta ce ta kwanta. Ta wanke hannu, ta lalluba cikin tun daga ƙasan haƙarƙari har mara, ta ɗora yatsu ta ƙwanƙwasa. Ya amsa kamar ganga.

"Iska ce, Maman Rebeka. Cikin haihuwa ba ya kwanciya da safe ya tashi da yamma. Ban kuma ji wani ƙullutu ko ruwa ba, alhamdu lillahi. Kafso nawa kika sha?"

Salome ta lissafa mata. Hajja ta girgiza kai.

"A hanjin mutum akwai wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani, su ke taya shi sarrafa abinci. Kafso kuwa ba ya tambayar wane ne ɓarawo wane ne mai gida, duka yake kashewa. Na yi aiki da wani likita Ba'indiye, duk wanda ya daɗe a kan irin maganin nan sai ya ce a ba shi kindirmo, wai akwai irin ƙwayoyin nan masu rai a cikinsa. Wasu na ga ya yi musu, wasu bai yi ba, wani ma nonon ne ke ƙara kumbura shi. Ki gwada. Ludayi biyu da safe, sabo, kada ki dafa shi. Ki bar wake da kabeji na ɗan lokaci. In ya kai wata bai sassauta ba, sai likita."

"Zan gwada, Hajja."

"Saura ɗaya. Gobe da yamma, yana kumburen nan, ki je asibiti a gwada fitsarinki, a rubuta miki takarda cewa ba ki da ciki. Ki adana ta."

Salome ta tashi zaune. "Ni? In ɗauki fitsari a kwalba in bi layi da masu awo, saboda bakin Christiana? Wanda ya gan ni a layin me zai ce? Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, Hajja."

"Wuƙa kam ba ta hudawa. Na dai ga baki ya huda."

Salome ta ƙi zuwa. Ta kuma yi rantsuwa a ranta cewa ba za ta sake taka zumunta ba sai cikin ya koma yadda yake, a ga ƙarshen ƙarya. Ranar Lahadi ma sai ta daina zuwa, ta riƙa tura Rebeka ita kaɗai.

Akwai wata Bafulatana da ke kawo wa Hajja nono kowace safiya, Salome ta shiga cikin masu saye. Makon farko abin ya ƙaru ma, har ta yi niyyar bari, Hajja ta ce ta rage zuwa ludayi ɗaya. A wurin aiki tana juya tukunyar wake da muciya, ƙamshi na dukan hancinta, ita kuwa sai tuwo da miyar kuka. A mako na uku ƙugin ya ragu. A na biyar ta ɗaura zani da la'asar ya zauna daidai ƙugu. Ta fito tsakar gida tana juyi gaban Hajja kamar yarinya ranar salla.

"Kindirmonki ya yi, Hajja!"

"Ko shi ne, ko barin waken ne, ko hanjin ne ya huta don kansa, Allah ne masani. Ki dai gode masa."

Ranar Alhamis ta wanke zanen zumunta ta goge, ta tamke shi sosai don kowa ya gani. Ta shiga coci da fara'a tana gaisawa. Aka amsa mata can ƙasan maƙoshi. Tulun yana hannun wata, ba a kuma miƙo mata ba. Ta lura idanu suna sauka a cikinta su zame, mata biyu a bayanta suna magana da Dukanci, yaren garinsu, a hankali. Ta tsinci kalma uku, mako biyar da gidan ungozoma da wanke ciki. A nan ne ta gane. Ita da ta zo nuna shaida, ashe abin da ta ɗauro a ƙugu shi za a kama ta da shi.

Ranar Lahadi bayan sujada fasto ya ce ta dakata. A ɗan ɗakin da ke jikin coci ta tarar da dattawa uku, da Mama Christiana, da kuma wan mijinta Shadrach, wanda aka aika wa har Dukku ya baro gonarsa ana tsakiyar noma. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa bai dube ta ba.

Christiana ta yi bayani a natse, har da hawaye. Ta ce ta ga ciki da idonta, ta ga alamu, ta ja yarinyar gefe don ta rufa mata asiri, yarinya ta ɓace mako biyar, ga ta nan ta dawo wayam.

"Me kika sha?" in ji ɗaya daga cikin dattawan.

"Kindirmo, Baba."

Wani ya yi guntun tsaki, wani ya sunkuyar da kai yana ɓoye murmushi.

"Kindirmon da muke dama fura da shi?"

"Shi. Kafso ne ya kashe mini wasu ƙwayoyi a hanji, shi kuma kindirmo yana da su masu rai." Tana faɗa tana jin yadda maganar ke fita ba ƙarfi, don ba tata ba ce, aro ta yi. "Ku tambayi Hajja, ita ta duba ni."

"A, ta duba ki kenan," in ji Shadrach. Ita ce maganarsa ta farko.

Aka ɗage zaman zuwa mako mai zuwa. Da safen Litinin Salome ta tafi asibiti, ta bi layin da ta ƙi bi a da, aka ba ta takarda. Hajja kuma, da ta ji abin da ake ciki, ta yafa mayafi ranar zaman ta bi ta har harabar coci, inda ba ta taɓa shiga ba. Aka fito mata da kujera gindin darbejiya, aka gaishe ta da girmamawa. Ta yi musu bayani dalla-dalla, ta ce ta karɓi haihuwa fiye da yadda za ta iya ƙirgawa, ta san ciki ta san iska, kuma ta rantse da Allah ba ta taɓa zubar wa kowa ciki ba. Suka saurare ta har ta gama, suka yi mata godiya, aka raka ta bakin hanya.

Da ta tafi, Shadrach ya karɓi takardar asibitin ya juya ta gaba da baya, ya miƙa wa fasto ya karanta.

"Ta ce babu ciki ranar Litinin," in ji fasto.

"Mu ma mun ga babu," in ji Shadrach. "Ina ta wancan watan? Kuma wa ya taɓa jin wadda ta yi aiki ta zo ta ce ni na yi?"

Fasto mutum ne mai sanyin hali, ya yi ta murza goshi. A ƙarshe ya ce ba su da tabbas, amma sunan ikilisiya ya shiga bakin duniya, dole a yi wani abu. Aka sa Salome ƙarƙashin horo wata shida: bencin baya, ba cin jibin Ubangiji, ba zumunta. Ta ji hukuncin ba ta yi kuka ba. Kukan ya zo ne da Shadrach ya gyara murya ya ce 'yar ƙaninsa ba za ta tashi a wannan gida ba.

"Yaya, tana makaranta. Ita ta zo ta biyu a ajinsu. Ka yi mini komai, ka bar mini ita."

"Jinin Irmiya ce. Akwai makaranta a Dukku."

Washegari da hantsi ya zo ya ɗauke ta. Salome da hannunta ta ɗaure kayan yarinyar a ɗankwali, ta sa littattafanta a ciki. Hajja ta tsaya bakin zaure tana kallo har suka sha kwana, sannan ta ce, "Da na sani da ban je ba. Na ƙara miki nauyi."

"Ba ke ba ce, Hajja. Kin ce in je, na ƙi."

Ta yi wata shidan a bencin baya, ba ta fasa Lahadi ko ɗaya ba. Cikin bai sake kumbura irin na da ba, sai dai in ta ci wake da yawa ya ɗan motsa. Lafiyar ma ta zame mata abin haushi, kowace yamma in ta ɗaura zani sai ta ji ɗaci a baki. Da horon ya ƙare aka kira sunanta a gaban jama'a, aka ce an karɓe ta, aka tafa. Christiana ta rungume ta tana cewa Ubangiji mai gafara ne. Babu wanda ya ce an yi kuskure, ita ma ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Sai bayan an gama girbin dawa ta samu hutu ta shiga motar Rijau, daga can ta hau akori-kura zuwa Dukku. Ta sayi takalmin roba da sabulu da burodi. Ta tarar da Rebeka a bayan gida tana sussuka tare da 'ya'yan Shadrach, ta yi tsawo, ta yi baƙi, kitson kanta ya tsufa. Yarinyar ta ajiye taɓarya ta zo ta durƙusa ta gaishe ta yadda ake gaida baƙuwa. Salome ta tambaye ta makaranta, ta ce tun da aka fara girbi ba ta je ba, Baba Shadrach ya ce sai an gama aiki.

Suka zauna a gindin rumbu su biyu. Salome ta gwada mata takalmin, ya matse ta, don da awon bara ta saya. Rebeka ta riƙe shi a cinya tana shafawa, can ta ɗago.

"Mama, in tambaye ki?"

"Tambaya."

"Su Inna sun ce da kina da jariri a ciki. Ina kika kai shi?"

Salome ta buɗe baki. Ta so ta fara daga taifot, da kafso, da Bafulatana, sai ta tuna fuskokin dattawan nan a ɗakin coci.

"Ba ni da jariri sai ke. Ciwo na yi, na warke."

Rebeka ta gyaɗa kai, irin gyaɗawar da yara ke yi wa manya don a bar magana. Daga cikin gida matar Shadrach ta ƙwala wa Rebeka kira, ta ce rana na yi, dawa ba ta sussuka kanta. Yarinyar ta miƙe da takalmin a hannu ta koma bakin turmi. Salome ta ɗan ƙara zama, sannan ta shiga ta yi sallama da mutanen gidan, don motar ƙarshe mai komawa Rijau ba ta wuce la'asar.