Muciyar Tasalla

Duk macen da ta taɓa shiga gidan Siddiƙu marini a Gwandu ta san muciyar matarsa Tasalla. Kanta duk sawun haƙora ne, sai ka ce ɓera ya samu aikin yi. Duk wata idan jinin al'ada ya zo mata, ciwon mara kan naɗe ta a tabarma kwana huɗu, ta kafa haƙora a icen nan don kada maƙwabta su ji kukanta. Shekara tara da aure, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba.

An yi magani, kada a ce ba a yi ba. Ta sha saiwa, ta sha rubutu, wanzami ya kafa mata ƙaho a mara har fatar ta yi tabo. Ciwo dai na nan daram.

Yayarta Indo ce ta kawo zancen Kalgo. Indo kuwa mace ce mai baki, ba ta ɓoye abin da ke cikinta, har ana cewa in kana son ƙarya ta mutu, kai ta gaban Indo. A wajen suna ta ji labarin wata ungozoma, Gwaggo Salamatu, wadda ake cewa hannunta na da sa'a. Ta zo ta tsare Inna Madina, uwar Siddiƙu, a gindin turmi.

"Inna, ciwon gishiri ne ya toshe gaban yarinyar nan. In ba a sa aska an yanke shi ba, haka za ta ƙare."

Inna Madina na son surukarta, ta kuma gaji da ganinta a kwance, sai ta yarda. Siddiƙu ya ɗaura wa jaki akumari. Tasalla ita kaɗai ce ba a tambaya ba.

Kwana biyu suka yi a hanya. Gidan Gwaggo Salamatu na bakin fadama, kuma tun daga ƙofa Indo ta ji wani zarni da hayaƙin turare bai rufe ba. A wata rumfar zana a gefe wata mata na zaune a kan yashi, matashiya, ta sunkuyar da kai tana wanke tsummoki. Indo ta gaishe ta, ta wuce, hankalinta na wani wuri.

Da hantsi aka yi aikin. Gwaggo ta sa Indo ta zauna a bayan ƙanwarta ta rungume ta da ƙarfi, ta yi bisimilla, ta sa aska. Indo ta ji jikin Tasalla ya sandare a ƙirjinta, ta ga jini ya cika kaskon yashi an sauya wani. Wallahi a lokacin ta so ta ce a bari, amma bakin nan nata da ba ya mutuwa ya mutu murus.

Kwana uku zazzaɓi na kaɗa Tasalla. Ana gasa ta da ruwan bagaruwa, ana ɗura mata kunun kanwa, Indo na zaune tana taɓa goshinta tana lissafa abin da za ta gaya wa Allah idan yarinyar nan ta tafi a hannunta. Ran na huɗu Tasalla ta buɗe ido ta nemi fura.

Ranar da za su tafi Gwaggo ta kira Indo gefe.

"Ke kika riƙe ta, ke za ki kawo labari, haka muke yi. Ki zauna da ita har jininta ya zo. In ciwon ya tafi, alhamdu lillahi. In ya dawo, askar ce ba ta kai ba. Ku maido ta in ƙara zurfi."

Siddiƙu na tsaye a ƙofa, ya ji komai, ya ce to.

Indo ta je rumfar nan ɗauko tulunsu, matar da ke kan yashi ta ɗago kai. Halima sunanta.

"Askar taku ta farko ce?" in ji ta.

"Ta farko."

"Allah ya sa ta tsaya nan. Ni sau biyu aka yi mini. Tun ta biyun fitsari bai sake tsaya mini ba, shekara guda ke nan. Mutanenmu sun ce in zauna nan har in bushe."

Indo ta juya, sai ga Tasalla a bayanta riƙe da bango. Ta ji.

Duk da haka Indo ta ƙarfafa zuciyarta. A kasuwar Kalgo ta sayi sabuwar muciya fara sol, suna isa Gwandu ta cusa tsohuwar muciyar a murhu. "Kin gama cin itace, Tasalla," ta ce da dariya, dariyar da ba ta kai ciki ba.

Nan ta tare a ɗakin ƙanwarta, aka shiga jira. Jira kuwa ba ƙaramin ciwo ba ne. In Tasalla ta yamutsa fuska don hayaƙi, gaban Indo ya faɗi. In ta dafa ƙugu wajen daka, Indo ta bar abin da take yi ta zuba mata ido, har Tasalla ta ce, "Yaya, kin fi ciwon takura mini." Kullum da safe Inna Madina kan leƙo ta ce, "Yaya jikin ɗiyata?" Siddiƙu kuma ya hana a ba da aron jakin, ko da za a sake komawa. Shi a ganinsa kulawa ce, bawan Allah. Indo kuwa duk kukan da jakin nan ya yi, sai ta ga Halima a kan yashi.

Ran wata Talata aka kira azahar, Tasalla ba ta ɗauki buta ba. Indo ta gane jinin ya zo.

To, ga Tasalla a tsaye. Ta share tsakar gida, ta surfa gero, ta ɗebo ruwa. Gumi dai na tsattsafo mata a goshi, amma ai zafi ake yi. Laraba ma haka, har da 'yar waƙa a wajen niƙa. Inna Madina ta fara murmushi tana cewa hannun Salamatu ba ƙarya. Indo ta ji wani dutse na sauka daga ƙirjinta, ta kusa yarda.

Ran Alhamis da la'asar Tasalla ta zagaya bayan ɗaki ta daɗe. Ruwan tuwo ya tafasa, Indo ta nemi muciya ba ta a inda ake ratayewa. Ta bi bayan ɗakin. Tasalla na durƙushe a jikin rumbu, goshinta a ƙasa, hannu ɗaya ya danne mara, muciya a bakinta, hawaye na bin icen. Ko nishi ba ta yi.

Suka dubi juna. Indo ta zare muciyar a hankali. Sawun haƙora sababbi, har layi uku, na Talata da na Laraba da na yau.

"Yaya," Tasalla ta ce, muryarta can ƙasa, "wanga ciwo na san shi, shi ma ya san ni. Kada ki maida ni."

Kafin Indo ta amsa, sai sallamar Siddiƙu daga tsakar gida, ya dawo daga karofi hannuwansa duk shuni, uwarsa na biye da shi. Indo ta soke muciyar a cikin zaninta ta fito.

"Yau kwana uku," in ji Inna Madina. "Indo, ke ba ki ƙarya, ke muke jira. Mu aika Kalgo da godiya, ko mu ɗaura wa jaki kaya?"

Indo ta tsaya a gabansu. Ita ta kawo zancen, ita ta riƙe, ga shi ita za ta yanke. Ta ji icen na tokare da haƙarƙarinta.

"Ta warke, Inna."

Inna Madina ta rangaɗa guɗa. Siddiƙu ya yi hamdala, ya ce gobe a ba maƙwabcinsu Sambo aron jakin da ya daɗe yana nema. Tasalla ta fito daga bayan ɗaki a miƙe, tana murmushi, Inna ta kama ta tana cewa saura goyo, yanzu ba sauran kwanciya.

Da safe Indo ta haɗa kayanta za ta koma gidanta. Ta naɗe muciyar a tsumma ta tura ƙasan kwando don kada wani ido ya gan ta. Tasalla ta rako ta har zaure, ta waiga ba kowa, sannan ta sa hannu cikin kwandon.

"Bar mini ita, Yaya. Wata mai zuwa zan neme ta."