Mai Karkataccen Baki

Shekara talatin da huɗu Setsuko Komagata tana auren mai kiwon kifin koi, amma ko yatsa ba ta taɓa tsomawa a tafkinsa ba. Mace ce mai ƙyanƙyami tun tana yarinya. A kicin ɗin makarantar firamare ta yi aiki har ta yi ritaya, inda ake wanke hannu har gwiwa kafin a taɓa cokali. In mijinta Tadao ya sauko daga tudu, a bakin ƙofa yake tuɓe kayan aiki, ita kuma ta ɗauki safarsa da tsinke ta jefa a bokiti.

A watan Fabrairu ya faɗi yana kwashe dusar ƙanƙara a ƙofar gida. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta gudu. Kalmomi uku ko huɗu suka rage masa, ɗaya daga ciki ita ce "tafki".

Tafkin kuwa ba nasa ba ne. Tsofaffin gonakin shinkafar da ke jere a jikin tudun sama da garin Ojiya, waɗanda aka cika da ruwa, na ƙungiyar masu koi ta ƙauyen ne, dattawa goma sha biyu da ba su da hira sai ta kifi. Kowa da nasa guda. Dokarsu ita ce, gidan da bai zauna tantance 'ya'yan kifinsa a watan Yuli ba, sai a miƙa tafkin ga na gaba a layi. Surukin dattijo Kuwabara na ƙungiyar, wani mai shagon taya, shekara uku ke nan yana jira.

Shugaban ƙungiyar, dattijo Nagumo, ya zo dubiya da kankana a hannu, ya faɗa mata haka cikin raɗa. To, ƙofar takarda ba ta tare magana. Tadao ya ji, kuma daga ranar ya juya wa kwanon abinci baya. Sai da ta yi ta lallashi yake karɓar cokali biyu. Da ta ga ƙasusuwan wuyansa sun fara fitowa, ta ɗaure fuska ta tafi ɗakin taron ƙauye ta rubuta sunanta a ƙungiya.

"Uwargida, kin san kuwa ana jiƙewa?" in ji Kuwabara, sauran suka kwashe da dariya.

"Na shekara talatin ina wanke jiƙaƙƙun," ta ce. "Ku nuna min aikin kawai."

Suka nuna mata. Aikin farko kashin kaji ne, buhu shida, da za a watsa a tafki don ƙananan ƙwarin ruwa su hayayyafa, 'ya'yan kifi su sami abinci. Ta sa safar hannu biyu, ta rufe hanci da ƙyalle, duk da haka sai da ta amayar da karin kumallonta a gindin bishiya. Taɓon ya kan kama takalmin roba ya ƙi saki. Rannan ta cire takalmi ta tarar da matsattsaku biyu sun maƙale mata a ƙwauri sun yi fam da jini, Nagumo ya barbaɗa musu gishiri yana ci gaba da labarinsa. Ruwan ya koma kore shar, yana wari, su kuwa dattawan suka tsaya a baki suna yaba shi. A cikin wannan ƙazanta aka zuba 'ya'yan kifi dubu arba'in da ƙungiya ta ƙyanƙyashe. Kullum sai ta yi wanka sau uku, kuma da ta zauna cin abinci sai ta ji ƙarni a hannunta.

Ranar tantancewa aka kafa rumfa a bakin tafki. Aka ja koma, aka juye kifin a manyan robobi shuɗaye, kowanne bai fi ɗan yatsa ba, suna ta motsi cikin kumfa da yauƙi. Nagumo ya zauna kusa da ita da ɗan ludayinsa na raga. Roba a dama ta waɗanda za su koma tafki ce, bokiti a hagu na sauran.

"Fari fat, bokiti. Ja gaba ɗaya, bokiti. Mai lanƙwasasshen baya, bokiti. Cikin goma ɗaya ake bari, in an yi sa'a."

"Na bokitin fa, ina za su?"

"Rabi na agwagwa. Rabi matar Kuwabara ta dafa mana da sukari da miyar waken suya. Ai da giyar shinkafa ba a magana, Uwargida, sai kin ɗanɗana."

Ta fara ɗebowa, amma hannunta ya ƙi zuwa hagu. Ko wanne ta duba sai ta ga yana da ɗan ɗigon ja a wani wuri, ta sake shi a dama. Kafin rana ta take, robarta ta cika maƙil, bokitin kuwa ana ganin gindinsa.

Nagumo ya leƙa, ya yi tsaki. "Wannan ai ba tantancewa ba ce, ƙaura ce. In kika mayar da su duka, abinci ba zai ishe su ba, kaka ta zo ki kwashi tsumburarru." Ya cusa ludayi a robarta ya ɗago guda. Jansa mai kyau ne, amma bakin ya murɗe gefe guda. "Dubi wannan don Allah. Mai karkataccen baki me zai yi a duniya? Cin abincin wasu kawai."

Ya wurga shi a bokiti. Sai da ya wurga sannan ya ji abin da ya faɗa, kunnuwansa suka yi ja. Kuwabara ya shiga tarin ƙarya.

Setsuko ba ta taɓa jin ƙyamar mutane kamar ta wannan rana ba. Kashin kajin ma ya fi su tsabta a wurinta. Da suka tashi shan taba, ta zubar da shayin da ke gorarta, ta cire safa, ta cusa hannu tsirara a bokitin nan mai santsi ta laluba har ta kamo mai karkataccen bakin, ta sa shi a gorar. Da za ta tafi, Nagumo ya ce ba tare da ya dube ta ba, "Saura rabi gobe. In haka aka sake yi, ba ni da abin da zan faɗa wa jama'a."

A gida ta juye kifin a kwanon gilashi, ta ajiye a gaban Tadao. "Baban yara, ga baƙo na kawo maka. Za su ba agwagwa, na hana."

Tadao ya sunkuya. Ya daɗe yana kallo ta sama, yadda masu koi suke yi, ya juya kwanon da hannun hagu. Ta zaci hawaye za ta gani. Sai ta ga goshinsa ya tattare, leɓensa yana rawa yana kokawa da harshe, yawu na zuba ta gefe.

"Wa... ya bar... wannan?" Ya bugi tebur. "Bokiti!"

Wata biyar bai haɗa kalma uku a jere ba. Ta tsaya sororo da tawul a hannu. Ranta ya ɓaci matuƙa, ta ji kamar ta kifa masa kwanon a ka, don ashe shi ma irinsu ne, babu abin da ciwo ya rage masa na wannan hali. Amma idonsa ta gani, ya dawo irin na da, mai kaifi, mai raina aikin mutane.

Washegari ta roƙi surukin Kuwabara, shi ɗin dai mai jiran tafkin, ya taya ta ɗora keken guragu a bayan a-kori-kurarsa. Ya kama keken ya ɗora. Da dattawan suka ga Tadao a rumfa suka miƙe suna ta sunkuyar da kai, shi ko kallonsu bai yi ba. Robar yake kallo.

Ita ke ɗebowa da ludayi, shi yana nuni da yatsan hagu. Hagu. Hagu. Hagu. Dama. In ta yi jinkiri ya daka mata gurnani. Robar da ta cika jiya ma sai da ya sa aka dawo da ita, ya zubar da kusan duka. Bokiti ya cika, aka kawo na biyu, ƙuda suka taru. Nagumo ya duba 'yan tsirarun da suka tsira, ya ce, "Tafkin Komagata yana nan a hannun Komagata." Ba wanda ya yi musu.

Saura guda, mai karkataccen bakin nan. Ta zo da shi a gorar shayi, tana fatan a cikin murna zai manta. Ta buɗe, ta nuna masa. Tadao ya dubi kifin, ya dube ta, ya ɗaga yatsa ya nuna hagu.

Ta juye shi a bokiti.

Matar Kuwabara ta kawo abincin rana, curin shinkafa da kwanon kifin jiya, sun yi baƙi suna ƙyalli da sukari, idanunsu a waje. Setsuko ta kawar da kai. Tadao ya miƙa hannu ya ɗebi uku ya tura a baki, ya bi da curin shinkafa guda, ya nemi na biyu. Miya ta gangaro ta gefen da ya karkace. Ta duba ba tawul a kusa, ga hannunta duk yauƙi da ɓawon kifi. Da shi ta share masa baki.