Fendar Hagu

Da saukar damina ta 2004, Leah ta kawo mini tsohuwar jif ɗin mijinta, marigayi Saja Markus. Ta sayi manyan tayoyi don ta riƙa kai buhunan dawa kasuwar Bena ko hanya ta yi caɓi, amma suna gogar fenda, wato ƙarfen da ke lulluɓe saman taya. Aikina shi ne in buɗe musu wuri.

Ta tsaya a gaban motar, ta ce, "Kefas, ka yanke ta dama yadda ka ga dama. Ta hagu kam, da guduma za ka buɗa ta. Kada ƙarfenka mai kuka ya kusance ta."

"Maman Dawuda, guduma ai yini biyu ce."

"To, ina za ka? Majalisa ke jiranka?"

Na yi dariya, ta kama hanyar Rikoto.

A wurinmu masu gyara, hagun mota shi ne hagun direba idan ya zauna. Na duba wannan ɓangaren, ban ga komai ba. Da na zagaya ɗaya gefen, sai ga zane-zanen ƙusa a leɓen fendar, ɗaya bisa ɗaya, kowane da shekararsa. Tsawon yarinya ne ake aunawa. Na can sama an rubuta: Rebecca, 1998. Duk Zuru an san a shekarar ce sanƙarau ya ɗauke wa Leah wannan 'yar tata.

Nan take na gane. Leah na fuskantar motar ne da ta yi magana, hagunta take nufi.

Amma rana ta yi zafi, kafaɗata na ciwo. Na ce wa kaina, hagu ta ce, hagun direba kuwa zan bari. Na kunna injin yanka. Minti goma ya ishe ni.

Da ta dawo ranar Laraba, ta durƙusa gefen tayar, tana shafa sabon bakin ƙarfen. Ta daɗe a haka.

"Kai, ni ce da laifi," in ji ta. "Markus ya sha gaya mini ku naku hagun daban ne. Yi haƙuri, ɗan'uwana."

Ita ke ba ni haƙuri. Da na yi shiru, da ta tafi da laifin a kanta, ba kuma wanda zai ce na yi ƙarya.

Na shiga cikin tarin yankakkun ƙarafa na tono guntun. Na goge shi da rigata, na miƙa mata.

"Na ga zanen kafin in yanka," na ce. "Na san wanda kike nufi."

Ta dube ni, ta dubi guntun, ta naɗe shi a bakin zanenta.

"Da ka bar ni da nawa kuskuren, da ya fi mini sauƙi," ta ce. "Ba ni makulli."

Tayoyin ba su ƙara gogar komai ba. Kowace ranar kasuwa tana wucewa ta gaban garejina, takan ɗaga hannu. Ni ne har yau ban iya ɗaga kai ba.