Firam Mai Ruwan Gwal

Ina da wani ɗan hali da ban cika faɗa ba: da na ga takarda mai hatimi, kafin in tambayi abin da ke cikinta na riga na auna tsawonta da faɗinta da ido. Sana'a ce ta ja mini. Shekara ashirin da bakwai ina yankan gilashi ina haɗa firam. Na yi wa shaidar gama makaranta, na yi wa hoton aure, har da takardar sallama daga aiki ta wani bawan Allah da ya ce sa hannun manajan ne ya burge shi. Aikina kusurwa huɗu ne, abin da ke tsakiya ba ruwana.

Shi ya sa ranar da babban ɗana Dogo ya turo hoton wata takarda ta waya, shekara guda bayan ya bi hanya ya tsallaka teku, ban ɓata lokaci ba. Dama duk kiran da ya yi, gaisuwata ɗaya ce: "Ka samu takardu?" Mutane suna tambayata a shago, ni kuma in juye masa. Ran nan ya ce, "Ga ta nan, Baba, izinin zama ce."

Tambari a sama, hatimi biyu a ƙasa, sunansa da nawa a tsakiya da manyan baƙaƙe. Na kai aka buga ta a takarda mai kauri, na ciro katako mai ruwan gwal da nake ɓoye wa manyan kwastomomi, na rataye ta a falo daidai inda idon baƙo zai sauka da ya cire takalmi. Da Sifaniyanci aka rubuta ta. A layinmu duka babu mai jin ko "sannu" da wannan yaren, abin da ya ƙara mata kwarjini ke nan.

Sai ga ƙanwarsa ta samu gurbi a jami'a. Ni harhaɗa magunguna na so ta karanta, don na taɓa ganin mai kemis ɗin da ya rame? Ta zo ta durƙusa ta ce ta zaɓi hulɗar ƙasa da ƙasa, haɗe da Sifaniyanci.

"Hulɗar me?"

"Ƙasa da ƙasa, Baba."

"Ni da shekara goma na kasa daidaita hulɗa da mai waldan da ke jikin shagona, ke za ki shiga tsakanin ƙasashe? To idan kin gama, a ina za ki buɗe shagon?"

"Ba shago ake buɗewa ba."

"Ai na sani, shi ya sa na tambaya."

Don tsokana na sa mata Ambasada, sunan kuma ya bi ta har gidan kakanninta. Gidanmu ya koma aji. Ta manna 'yan takardu a jikin ƙofa, buta, firij da madubi, kowanne da sunansa na can. Da safe sai ka ji tana karkaɗa harshe a bayan gida, har uwarta ta taɓa rugawa da ruwa ta ɗauka ƙwarewa ta yi. Idan muka saɓa da uwar a kan tashar rediyo, sai ta zauna tsakaninmu ta ce an buɗe zaman sulhu, kowane ɓangare yana da minti biyu. Ban taɓa cin zaman ba.

A shekararta ta farko na sha samunta tsaye gaban firam ɗin Dogo da ƙamus a hannu. Na ji daɗi, na ce yarinya tana alfahari da yayanta. Daga baya ta juya kujerar karatunta ta ba bangon baya. Wannan ma na gani, na ce hasken taga take bi.

* * *

Wata Asabar da la'asar ƙanina Tela ya zo da ɗansa Gola, saurayi ɗan shekara ashirin da biyu wanda ban da tsaron raga a filin unguwa bai ajiye wata sana'a ba. Tela ya ce ya samu mai sayen babban keken ɗinkinsa, da kuɗin zai tura Gola ya bi sahun Dogo, mai tsallakar da su kuma ya ce motarsu ranar Alhamis za ta tashi.

"Yaya, gidanka ne ya nuna mana," in ji shi, yana kallon bango. "Kullum na shigo falon nan sai in ce ni me nake jira?"

Kaina ya yi wani irin girma. Na ƙwala wa Ambasada kira.

"Zo ki karanta wa Baffanki takardar yayanki. Ki fara da yaren, su ji yadda yake fita, sannan ki juya mana."

Ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen mayafinta.

"Baba, ba mu zo wannan darasin ba."

"Wane darasi? Karatu ne fa, ga baƙaƙe nan kamar ƙofar gari."

"Yaren ofis ne, daban yake."

Tela ya kwashe da dariya har da buga cinya. "Shekara uku, Yaya! Ashe sunan buta kawai aka koya mata." Gola ma ya taya shi. Ni kuwa kunya ta rufe ni, na ce mata abin da bai kamata ba, wai da kemis ɗin ta karanta da yanzu ko ciwon kaina ta warkar. Ta juya ta koma ciki. Uwarta ta ajiye mana shayi, ta dube ni irin duban da take yi wa tukunyar da ta san za ta ƙone, ta fita.

* * *

Washegari da hantsi ina shago na shimfiɗa gilashi a kan tebur, sai ga Ambasada. Ta danne mini ƙarshen rula da tafin hannu, kamar yadda take yi tun tana 'yar shekara shida, lokacin sai ta taka akwatin ƙusa take kaiwa.

"Fushi aka zo yi mini?"

"A'a. Karatun jiya na zo yi."

Na ɗora abin yanka a kan gilashin.

"Baba, ba izinin zama ba ce. Umarnin kora ce. Sun ba shi kwanaki ya bar musu ƙasa."

Hannuna ya ci gaba da tafiya shi kaɗai, layin ya karkace ya bar rular. Na tsaya ina kallon gilashin da na ɓata kamar shi ne ya yi maganar.

Ta ce bai fita ba, ɓuya yake yi. Tumatir yake tsinka a cikin rumfunan leda, inda zafi ke sa mutum ya ga biyu-biyu. Su bakwai suke kwana a ɗakin da suka haɗa da katakon kaya da leda. In ya hango motar 'yan sanda sai ya canza hanya. Motar da yake jingina da ita a hotunan da yake turo mana kuwa ko mai ita bai sani ba.

"Tun yaushe kika sani?"

"Zangon farko. Kwana uku na yi da ƙamus, ina fatan ni ce ban iya ba. Da na kira shi ya roƙe ni kada in faɗa."

"Me ya sa bai gaya mini ba? Ni dodo ne?"

"Baba, kai ma ka san gaisuwarka."

Na san ta kuwa. Na nemi kujera na zauna. Can na tambaye ta abin da ya kamata in tambaya shekara uku baya, wato me ya kai ta wannan karatun.

"Kullum in na shiga falo sai in ga sunan Yaya a tsakiyar maganar da ba na ji. Na so in san me suka ce a kansa."

Mai walda ya kunna injinsa, na gode masa a zuci, don ya ba ni dalilin murza ido.

"Saura kwana huɗu Alhamis," in ji ta.

"To ai ke ce Ambasada. Ki je ki yi wa Baffanki bayani cikin hikima, irin yadda aka koya muku."

"An koya mana cewa in shugaba ne ya yi ɓarna, ba a tura ƙaramin ma'aikaci ba da haƙuri." Ta ɗauke hannunta daga kan rular. "Zan dai raka ka. Ni ce tafinta."

* * *

Na sauke firam ɗin na saƙale shi a hammata. Daga gidana zuwa shagon Tela tafiyar minti goma ce, amma ranar sai da mutum biyar suka tsayar da ni. "A'a, takardar Dogo ce? Gilashi za a sake mata?" Kowa na ce masa e.

Mun samu keken an lulluɓe shi da zane yana jiran mai saye, Gola yana zaune a kan benci yana gwada sabuwar jakar goyo. Na ajiye firam ɗin a kan teburin yanka, na faɗi abin da ke ciki. Ban yi hikima ba, haka na zubar da shi.

Tela ya daɗe yana kallona, tef a wuya.

"Yaya, naka ya haye, sai da aka zo kan nawa ka tuna akwai teku?"

"Wallahi ba haka ba ne."

"Jiya yarinyar nan ta ce ba su zo darasin ba. Yau da safe aka koya musu?"

Ambasada ta duba agogon wayarta ta ce yanzu su Dogo suke hutun rabin awa. Ta kira shi ta bidiyo. Fuskar Dogo ta fito, hula a kife, bayansa farar leda har ƙarshen gani. Da ya hango ni, ya hango firam ɗin, sai ya sunkuyar da kai. Bakina ya buɗe da kansa zai yi tsohuwar gaisuwa, na kama shi da ƙyar.

"Dogo, ka ci abinci?"

Ya yi dariya, dariyar ta ƙi tsayawa inda ya so, ya ja hular ya rufe fuska.

Da ya dawo daidai Gola ya karɓi wayar. "Yaya Dogo, amma ana buga ƙwallo a can, ko?"

"Ana bugawa, a talabijin ɗin shagon da ba ma shiga." Ya ɗaga tafin hannunsa ya cika allon da shi, duk ya tsage ya yi kore. "Ka ga safar golan da za a ba ka. Mu goma sha ɗaya muka tashi daga gida, Gola. Mu huɗu muka sauka. Kada ka tambaye ni sauran a gaban Baffa."

Babu wanda ya tambaya. Tela ya tashi ya yaye zanen da ke kan keken, ya ninke shi da kyau, ya zauna yana neman ramin allura, ya daɗe bai samu ba. Alhamis ta zo ta wuce, Gola yana koyon sa maɓalli yana ƙunƙuni.

A gida na tattara ƙarfin hali zan yi wa uwar Dogo bayani, ta ce in huta.

"Ni tun hoton farko na gani a wuyansa. Yaron da ke cin abinci ba ya irin wannan wuyan."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Kana kan kujera da guduma a hannu kana tambayata ko firam ɗin ya miƙe."

* * *

Yanzu Ambasada ce ke rubuta wa Dogo wasiƙu zuwa wata ƙungiyar lauyoyi a can, da yaren ofis ɗin da ta ce ba su zo ba. Sun ce akwai hanya, amma doguwa ce. Ni kuma na buɗe mata shagon da na ce ba a buɗewa: na ba ta kusurwa ɗaya da kujera, na rubuta sanarwa na sa mata firam da hannuna, cewa duk mai ɗa a waje ya kawo takardarsa ranar Asabar a karanta masa kyauta. A layukan da ke kewaye da mu na san gida goma sha huɗu da ke da irin wannan bangon, don ni na yi musu aikin.

Asabar bakwai tana zama. Mutum ɗaya ya zo, da takardar cikin kwalin wani maganin ƙarfin gashi.

A ta takwas wani dattijo ya shigo da ambulan a ƙirji, fuskarsa kamar an ba shi kujerar Makka. Da ya zaro takardar na gane ta tun daga nesa: tambarin nan, hatimi biyun nan, da doguwar kalmar nan ta sama mai ɗan ƙaho a kan harafi. Ambasada ta miƙe tsaye.

"Baba, ga 'yata nan, tana jin yaren," na ce. "Kyauta take karantawa."

Ya dube ta da fara'a ya sa mata albarka, ya mayar da takardar gefen da ba ta.

"Ai na san abin da ke ciki, yaron ya gaya mini. Firam kawai nake so."

Ya zagaya shagon ya zaɓi mai ruwan gwal, wanda ke jingine a bayan ƙofa babu komai a ciki tun da na zare takardar Dogo. Girmansu ɗaya, ko yanka ban yi ba.