Yawun Direba

Lokacin da aka gano kansar maigidana, irin ta maza da ke kama ƙasan mafitsara, ta riga ta shiga ƙashi. Direban bas ne, ni ma Direba nake ce masa, shi kuma yana ce mini Shugaba.

Likita ya ce akwai gwajin gado, wato na ciwon da ake gada a jini. Wai jiki yakan gyara ƙwayoyin halittarsa in sun lalace, amma wasu ana haifarsu gyaran nan da rauni. In Direba yana cikinsu, akwai maganin da za a gwada. Kuma ya kamata 'yarmu Auta ta sani, don a wajen mace abin yakan fito a mama.

Kansar mama ce ta kashe yayar Direba.

"Ni dai na kusa tasha," ya ce. "A yi don Auta."

Nas ta nemi jijiya hannu da ƙafa don ɗibar jini, duk sun ɓuya. Sai ta kawo 'yar kwalba mai zane a jiki, ta ce ya tofa yawu har zanen, kuma kada ya ci ko ya sha komai tukuna.

To, magunguna sun busar masa da baki ƙayau. Ya yi ta fama, ko ɗigo babu. Na ga idonsa ya kawo ruwa.

"Mutumin da ya shekara talatin yana zagin masu babur ta taga," na ce, "yau shi ne ba yawu?"

"Shugaba, ki ji tsoron Allah."

Na sauka bakin ƙofar asibiti na sayo lemon tsami. Na zauna a gefen gadonsa na yanka, na matsa a harshena a gabansa. Haƙorana suka mutu, fuskata ta yamutse. Ya kama dariya yana riƙe ƙugu don zafi.

"Ƙara," ya ce. "Ya fara zuwa."

Na yi ta sha, yana tofawa kaɗan-kaɗan. Da ya kai zanen, shi ya miƙa wa nas da hannunsa, ya ce ta riƙe da kyau, na Auta ne.

Bai ga sakamakon ba. Bayan rasuwarsa likita ya kira mu ya ce raunin yana nan. Aka gwada Auta, ita ma ta gada. Yanzu suna duba ta a kai a kai, kuma ni nake raka ta. Zuwanmu na ƙarshe ba su ga komai ba.