Wayoyi Biyu a Hanyar Asibiti

Motar ta yi tari sau biyu, ta mutu a gaban rumfar wata mai sayar da ruwan rake. Tururi ya turnuƙe daga ƙarƙashin bonet. Saura tafiyar minti goma a kai asibiti.

Yaima tana kujerar baya, kan Baba Cirilo a kafaɗarta. Maƙwabcinsu ne a unguwar Marianao, katanga ɗaya ta raba su. Tun safe yake dafe da ƙirji, motar asibiti kuma ba ta zo ba, shi ya sa ta taso ƙaninta Osmel da tsohuwar Chevrolet ɗin da ya gada wajen kakansu.

"Osmel! Ba ka ce min lafiyarta ƙalau ba?"

"Cewa na yi za ta kai mu."

"To, ta kai mu? Sakarai kawai!"

Osmel ya fita ya ɗaga bonet, ya kai hannu zai buɗe murfin lagireto.

"Kar ka taɓa!" Muryar tsohon ce, a shaƙe. "So kake ka dafa fuskarka? Tun yaushe take zafi?"

Osmel ya sunkuyar da kai. Shekara hamsin Baba Cirilo ya yi yana gyaran wutar motoci, kuma shi ne ya sake wa wannan motar wayoyi ranar Litinin, ya ɗaura mata fankar lantarki.

"Tun ranar Litinin, Baba."

"Kwana huɗu! Bakinka ciwo yake?"

"Na ga hannunka yana rawa ranar. Ban so ranka ya ɓaci."

"Tausayina ka ji? Wa ya aike ka? Da ka dawo ka zage ni, da na gyara a minti biyar. Kun binne ni tun ina numfashi!"

Yaima ta ji kamar ta mari ƙaninta. Ta leƙa ta taga tana ɗaga wa motoci hannu, amma duk wadda ta zo a maƙare take da fasinja, babu wanda ya taka birki. Ta bi su da zagi har muryarta ta dushe.

"Bar su," in ji tsohon. "Kai, murɗa makulli. A riƙe takarda a gaban lagireto."

Mai ruwan rake ta yago jarida ta kara a gaban motar. Fanka na tashi, takardar ta suɓuce mata ta yi tsakiyar titi.

"Ta hure ta, Baba."

Tsohon ya runtse ido. "Ja ya kamata ta yi, ita kuma turawa take. Iskar hanya na shigowa, tana korar ta. Ni na juya wayoyin. Ni! Jar waya a gurbin baƙa. Tir da wannan hannu."

"Baba, don Allah ka yi shiru, numfashinka."

"Ke ma yi min shiru, 'yar nan. Osmel, musanya su."

Osmel ya cusa hannu cikin zafin injin, ya ƙone yatsu biyu, bai ko yi tsaki ba. Dole suka jira ƙarfen ya huce kafin a zuba ruwan da matar ta kawo a bokiti. Yaima tana yi wa tsohon fifita da tafin hannu, haƙoranta a datse.

Aka sake kara takarda. Ta manne.

"Ta kama, Baba!"

"Na ji. Kukanta ma ya canza." Ya saki ajiyar zuciya. "Yanzu ta zama aikina. Mu je."

Osmel ya fizgi motar, hannunsa a kan hon. Ba su yi nisa ba Yaima ta ji kan tsohon ya ƙara nauyi a kafaɗarta. Ta kira sunansa sau biyu, ta ga ƙirjinsa ya daina motsi. Sannan ta miƙa hannu ta taɓa wuyan ƙaninta.

Ya kalle ta a madubi, ya ɗauke hannu daga hon.

A mararraba danja ta nuna ja. Babu mota ko ɗaya a hagu ko a dama. Osmel ya tsaya, suka jira.